Kabarin kakanka a gonar wani: wa ke da ikon shiga?

Akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina, kuma duk lokacin da na ƙara karanta wani abu a kanta sai in ga ashe ta fi yadda na zata zurfi. Mutum ya sayi fili da kuɗinsa, takardu sun cika, ya zagaye da waya ya sa get ya datse da kwaɗo, babu wanda zai ce ya yi laifi. To amma can ƙarshen filin, ƙarƙashin wasu itatuwa, akwai kaburbura. Ba nasa ba ne, bai san su ba, wata ƙila ma an binne su tun kafin a haifi kakansa. Rannan sai ga wata mata ta tsaya a bakin get ta ce kakarta na kwance a ciki, tana so ta shiga ta share wurin ta yi mata addu'a. Shin dole ne ya buɗe mata? In ta tsallaka waya ta shiga ta yi kutse kenan? In kuma ba jika ba ce, wani ne kawai mai binciken tarihi, ko ɗan gari da yake son gani fa?

A Amurka wannan ba tatsuniya ba ce, abu ne da yake faruwa kullum, musamman a jihohin kudu da karkara, saboda a da can mutane a gonakinsu suke binne nasu, gari ya yi nisa, maƙabartar coci ma ba ko'ina ake da ita ba. Shekaru suka tafi, 'ya'ya suka koma birni, aka sayar da gona, wanda ya saya ya sayar wa wani, wani ya yanka ta filaye, kamfanin katako ya kwashi wani ɓangare, su kuma matattu suna nan inda aka ajiye su. In kana tafiya a mota a irin waɗannan wurare za ka ga gona shimfiɗe an nome ta tas amma a tsakiya an bar wani ɗan kurmi, tarakta tana zagaye shi duk shekara ba ta shiga, sau da yawa maƙabarta ce. In ka matsa kusa ba lallai ka ga dutse mai rubutu ba, sai dai ƙasa ta ɗan lotsa jere-jere daidai tsawon mutum, da ɗan dutsen daji an kafa a wajen kai, wani lokaci da ƙarami a wajen ƙafa, da wani ganye mai yaɗo da suke kira periwinkle wanda a da can mutane suke shukawa a kan kaburbura ya rufe ko'ina.

Abu na farko da ya kamata a sani, babu doka ɗaya ta tarayya da ta ce ga yadda za a yi a filin mutum. Kowace jiha da tata, wasu ma ba su da rubutacciyar doka sam sai hukuncin alƙalan baya. Ko dokar nan ta 1990 mai kare kaburburan 'yan asalin ƙasar, wato jajayen Indiyawa, ƙarfinta wajen tono a filayen gwamnatin tarayya ne da na ƙabilu, ba ta shiga gonar mutum. Shi ya sa amsar da za ka samu a Virginia daban, ta Texas daban, ka tsallaka iyaka kaɗan kuma labari ya canza.

Hukuncin da ya fi burge ni tsoho ne, na kotun ƙolin jihar Tennessee a 1911, shari'ar da ake kira ta Hines. Wani mutum ya ware wuri a gonarsa ya zama maƙabartar iyali, daga baya gona ta bar hannun iyalin ba tare da an rubuta komai game da kaburburan a takardar ciniki ba. Kotu ta ce ko ba a rubuta ba, haƙƙin zuriyar yana nan, suna da damar zuwa ziyara da gyara wurin, su shigo daga hanyar jama'a mafi kusa, a lokacin da ya dace kuma ta yadda ya dace. Hujjar alƙalan kuwa mai sauƙi ce ƙwarai, kaburburan ai a fili suke ana ganinsu, wanda ya sayi gona ya gan su ko ya kamata ya gan su, don haka da nauyinsu ya saya. Wallahi ni wannan hujjar ta gamsar da ni. Ba wai an ƙwace maka wani abu ba ne, tun farko abin da ka saya kenan, fili mai kaburbura da hanyar zuwa wurinsu.

Virginia ta zo ta rubuta nata dalla-dalla a doka, kuma in mutum ya karanta zai ga sun yi ƙoƙarin kada a cuci kowa. Mai fili wajibi ne ya bar mutane iri uku su shiga: dangi da zuriyar wanda aka binne, wanda ya mallaki gurbin kabari a wurin, da kuma mai binciken asalin zuriya, in dai sun sanar tun da wuri. Ba zai gina katanga ko shinge ya toshe ba sai ya bar ƙofa. Amma shi ma an ba shi nasa, shi zai faɗi sau nawa za a zo, ƙarfe nawa, tsawon wane lokaci, in kuma babu tsohuwar hanya da ake gani a fili shi zai nuna ta inda za a bi. Ba ka shiga da mota sai akwai titi kuma ya ba ka izini a rubuce. In ka ɓata masa amfanin gona ko ka lalata wani abu kai za ka biya. In kuma ka faɗi ka karye a filinsa ba za ka maka shi kotu ba, sai dai in ganganci ne ƙarara ko mugunta ya yi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suke ɗauka, domin a Amurka tsoron a kai mutum ƙara a nemi diyya shi ke sa masu fili da yawa su ce a'a tun kafin su ji bayani, ba wai ƙin matattu suke ba. In mai fili ya ƙi duk da haka, sai ka je kotun yankin ka nemi ta tilasta masa.

Texas kuma ta buɗe ƙofar fiye da haka. Dokarsu cewa ta yi duk wanda yake son ziyartar maƙabartar da babu hanyar jama'a zuwa wurinta yana da haƙƙin shiga da fita daidai gwargwado, ba ta ce sai dangi ba. Mai fili zai tsara hanya da lokuta, amma hana mutum gaba ɗaya laifi ne. Florida ta tsaya ga dangi da zuriya. A North Carolina in mai fili bai yarda ba sai ka kai takarda wurin magatakardar kotu ya duba ya ba ka izini, kuma ba zuriya kaɗai ba, har wanda yake da wata alaƙa ta musamman da kabarin.

To a nan ne rigimar take, tsakanin dangi da kowa da kowa. Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin zafin mai fili a nan. Akwai wata mata, Rose Mary Knick, tana da gona eka 90 a wani ƙaramin yanki da ake kira Scott a jihar Pennsylvania, tana zaune a ciki tana kiwo. A 2012 hukumar yankin ta yi doka cewa duk wata maƙabarta, ta gwamnati ce ko a filin mutum take, dole a bar ta a buɗe ga jama'a muddin rana ba ta faɗi ba, kuma jami'ai za su iya shiga filin kowa su duba ko akwai kaburbura. A 2013 jami'i ya shiga gonarta ya ga wasu duwatsu ya ce alamun kabari ne, aka ba ta takardar karya doka. Ka duba fa, mace a gidanta a karkara, an ce mata daga asuba zuwa magariba duk wanda ya ga dama zai iya ratsa gonarta ba sallama ba sanarwa, kuma ba a biya ta ko kwabo ba. Ta ce wannan ƙwace ne, kuma kundin tsarin mulki, gyara na biyar, ya ce gwamnati ba ta karɓar dukiyar mutum don amfanin jama'a sai ta biya diyya. Magana ta kai har kotun ƙolin Amurka, a watan Yunin 2019 alƙalai biyar suka goyi bayanta huɗu suka ƙi.

Sai dai mutane da yawa suna ba da labarin nan ba daidai ba, suna cewa kotu ta hana shiga maƙabarta a filin mutum. Ba haka ba ne. Abin da kotun ta yanke shi ne mai fili zai iya tafiya kotun tarayya kai tsaye ya nemi diyya ba sai ya fara gama zagaye a kotunan jiha ba, ta soke wani tsohon hukunci na 1985 da ya ce sai an bi ta can. Ba ta ce dangi ba su da haƙƙi ba. Amma iskar ta nuna inda take kaɗawa, don a 2021 a wata shari'ar daga California, wadda ba ta ma shafi kabari ba, ta 'yan ƙungiyar ƙwadago ce da doka ta ba su damar shiga gonaki awa uku a rana kwana 120 a shekara, kotun ta ce ba wasu damar shiga filin mutum ko na ɗan lokaci ne karɓar dukiya ne. Don haka duk jihar da za ta yi sabuwar doka ta ce a buɗe wa jama'a gaba ɗaya, ta shirya wa lauyoyi. Haƙƙin dangi ya fi tsayawa da ƙafafunsa saboda tsoho ne, ya riga cinikin filin.

In da a nan maganar ta tsaya da sai in ce shikenan, dangi su shiga, sauran jama'a su nemi alfarma. Amma akwai abin da ya hana ni tsayawa a nan, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Wa zai iya nuna cewa shi dangi ne?

Ɗauki Monticello, gidan Thomas Jefferson shugaban Amurka na uku, a Virginia. Ya rasu a 1826 bashi ya yi masa katutu, aka yi gwanjon bayinsa kusan 130 a farkon 1827, gidan ma aka sayar a 1831. Amma iyalinsa sun san takarda, sun riƙe maƙabartar iyali ba ta tafi da cinikin ba, har yau tana hannun ƙungiyar zuriyarsa, an zagaye ta da shingen ƙarfe, duwatsu da sunaye da ranar haihuwa da ta rasuwa. A wannan tsaunin dai da gidan yake kai, mutanen da suka yi noman, suka yi girkin, suka ƙera ƙusa, cikin sama da mutum 600 da ya mallaka a rayuwarsa, su kuma fa? Sai wajen 2001 masu haƙar tarihi suka tabbatar da wata maƙabartarsu kusa da inda baƙi ke ajiye motoci, kaburbura sama da 40, wasu da ɗan dutsen daji ba rubutu, wasu babu komai. Wuri ɗaya, zamani ɗaya, wasu takarda ta kare su wasu kuma ko suna ba a bar musu ba. Kuma wannan fa Monticello ne da duniya ta zuba wa ido, akwai kuɗi akwai masana. Ka yi tunanin dubban gandayen da babu wanda ya san sunansu.

Bawa ba shi da fili, don haka duk inda aka binne shi filin wani ne tun ranar farko. A ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta bayi da sunayensu, ana jera su ne ƙarƙashin sunan ubangidansu, shekaru kaza, namiji ko mace, launin fata, shikenan. Sai ƙidayar 1870 aka fara rubuta yawancinsu da suna. Yanzu ka ce wa tattaɓa-kunnen irin wannan mutum ya kawo hujjar cewa wanda ke cikin wancan ramin da ya lotsa kakansa ne kafin a buɗe masa get, ina zai samo ta? Abin da yake da shi bai wuce maganar da kakarsa ta gaya masa ba, cewa mutanenmu suna can bayan rafi wurin itatuwan nan. Wannan magana gaskiya ce, sau da yawa ma in aka kawo na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa sai a tarar daidai inda tsohuwa ta ce, amma ba ita ce irin hujjar da mai fili mai taurin kai ko lauyansa zai karɓa cikin sauƙi ba. Dokar da ta ce dangi kawai, a takarda ta yi adalci, a aikace kuma ta fi yi wa waɗanda dama can suna da takardu aiki.

Shi ya sa na daina ganin tsarin Texas a matsayin wuce gona da iri, kuma na ga hikimar Virginia da ta sa masu binciken zuriya a ciki. Sau da yawa wanda yake fara gano maƙabarta ba jika ba ne, wani malamin makaranta ne mai ritaya, ko 'yan coci, ko ɗan jarida. Maƙabartar Zion ta baƙaƙen fata a birnin Tampa na jihar Florida, a 2019 aka gano tana ƙarƙashin gidajen da aka gina a kanta, bayan binciken 'yan jarida. Ta New York kuwa a 1991 ana haƙa harsashin ginin gwamnati a Manhattan aka ci karo da ita, aka tono ƙasusuwan mutum 419, sai da baƙaƙen fata na birnin suka tashi tsaye kafin a dakata, aka sake binne su a 2003, wurin ya zama abin tarihi na ƙasa a 2006. Waɗanda suka yi wannan faɗan ba wanda zai iya cewa ga sunan kakana a ciki. Da an ce sai mai hujjar jini zai yi magana da yanzu ofisoshi ne a kai. A ƙarshen 2022 majalisar Amurka ta amince da dokar kula da maƙabartun baƙaƙen fata, abu ne mai kyau, amma ta tallafi ce da bincike, kuma a filin mutum sai da yardarsa, ba ta buɗe get ɗin kowa.

Ba Amurka kaɗai ba ce. A Afirka ta Kudu dokar filaye ta 1913 ta bar wa baƙaƙe kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar, daga baya aka kai 13, sai mutane suka wayi gari 'yan ƙwadago ne a gonakin Turawa a ƙasar da kakanninsu ke kwance. Bayan wariyar launin fata, dokar 1997 mai kare mazauna gonaki ta faɗa ƙarara cewa kowa yana da haƙƙin ziyarta da gyara kaburburan iyalinsa a filin wani, mai fili zai iya sa sharuɗɗa masu ma'ana don kare rai da dukiya ko kada a tsayar masa da aiki. A 2001 aka ƙara cewa mazaunin gona zai iya binne nasa a wurin in dama an saba yin haka. A Ingila kuma doka ba ta hana ka binne mutum a filinka ba, amma in ka sayar ba ka rubuta haƙƙin ziyara a takarda ba sai abin da sabon mai gida ya ga dama, tono gawar ma sai da lasisi tun dokar 1857.

Ra'ayina dai, ziyara haƙƙi ce ba alfarma ba, kuma bai kamata a rufe ta ga masu takardar zuriya kawai ba, amma ba kuma irin ta Scott ba da aka bar gona wayam kamar titi. A sanar, a tsayar da rana, a bi hanya ɗaya, a rufe get in an wuce saboda dabbobi, a ɗauke wa mai fili fargabar ƙara. Tsoronsa ba na banza ba ne, akwai ɓarayin kaburbura da gaske, a Kentucky a 1987 wasu mutane sun biya kuɗi suka shiga wata gona mai suna Slack suka farfasa ɗaruruwan kaburburan 'yan asalin ƙasar suna neman tukwane da kayan tarihi na sayarwa. Sai dai ka lura a can get a rufe yake, ba idon jama'a, shi ya sa suka daɗe suna ɓarnar kafin a farga.

Ga wanda yake da mamaci a filin wani, kada ka fara da tsallaka shinge ko da doka na bayanka, ka rubuta wa mai filin wasiƙa cikin mutunci ka ajiye kwafi, yawancin mutane in aka zo musu da girmamawa suna buɗewa. Ka sani haƙƙin ziyara daban, na sabon binnewa daban, wannan na biyun ya fi wuya a wurare da yawa. In ku ne za ku sayar da fili mai kaburbura, ku sa mai awo ya fitar da maƙabartar da hanyarta a taswira, a rubuta a takardar ciniki a yi rajista, rigakafi ya fi magani. Sannan ku riƙa zuwa. Jihohi da yawa suna ba mai fili damar neman izini a kwashe kaburbura a mayar wani wuri in an nuna cewa an yi watsi da maƙabartar, kuma abin da ake dubawa ya haɗa da ko ana zuwa, ko ana share ciyawa, ko akwai wanda ya fito ya yi magana da aka buga sanarwa a jarida. In kun je ku ɗauki hoto mai kwanan wata, ku rubuta sunayen da tsofaffi suka tuna da inda kowa yake kwance tun suna da rai, ku kai kwafi ofishin rajistar filaye ko hukumar tarihi ta jihar.